Ranar da Muka Naɗa Masa Madambaci

Su biyu suka shigo Illela, uwa da ɗanta, da wani tsohon jaki mai miki a gadon baya. Daga wajen Ƙonni suka fito. Lokacin Turawa ba su daɗe da zama a Sakkwato ba. An riga an bi daji an kafa duwatsun iyaka, an ce nan na Ingilishi ne, can na Faransawa, ko da yake gonakinmu da na danginmu suna nan inda kakanni suka bar su. Mutanen can sukan tsallako su zauna wurinmu saboda aikin tilas da ake ɗibar maza ana kai su, don haka ba abin mamaki ba ne a wayi gari a ga sabuwar bukka a gefen gari. Mai gari ya ba su wani kango a bayan maƙera, suka yi jinka suka zauna.

Ina da shekara goma sha biyar ko kusa da haka. Babana yana fataucin gishiri da kanwa, ni kuma aikina kiwon jakunansa da zuwa karatu zauren Malam safe da yamma.

Samarin garinmu suna da sarautarsu a wancan zamani, kwaikwayon ta manya. Akwai Sarkin Samari, akwai Waziri da Galadima, har da dogarai biyu masu bulalar kaba. A idon iyayenmu wasan yara ne. Mu da muke ciki mun san nauyinsa, domin su ke cewa wa zai hau tabarma a dandali, wa zai tsuguna a ƙasa, wa zai yi magana da 'yan mata, wa zai riƙe wa mutane takalma. Sarkinmu ɗan wani mai fataucin shanu ne, dogo, fari, mai wushirya, idanunsa kullum cikin kwalli. Ko tsumma ya yafa sai ya yi masa kyau. In ya yi dariya kowa ya yi, in ya ɗaure fuska sai ka ga kowa yana neman abin da ya ɓata masa rai. Ba na jin an taɓa zama aka zaɓe shi. Tun muna ƙanana dai shi ake kallo, da muka girma sai aka naɗa masa rawani.

Ni ina cikin masu tsugunawa a ƙasa. Allah ya yi ni da ƙaton kai da siririn wuya, sai suka sa mini suna Ludayi. Duk wanda ya wuce ta bayana sai ya ɗana mini ranƙwashi ya ce yana gwada ko duman ya nuna. Na koyi yin dariya tare da su tun kafin zafin ya sauka. Na kuma koyi cewa in na yi saurin faɗin abin ban dariya a kan wani, hannun da aka ɗaga don kaina yakan sauka bai taɓa ni ba.

A zauren Malam na fara ganin baƙon yaron. Sa'ana ne, amma ya fi ni ƙira nesa ba kusa ba. Agana ta ci fuskarsa. Zanzana ce tun daga goshi har haɓa, ramuka kusa da kusa, ba inda za ka ɗora ɗan yatsa ka sami fata lafiyayya. Girarsa ta zube, idonsa na hagu kuma hakiya ta rufe shi fari fat. A lokacin masu zanzana ba su da wuyar gani, amma irin tasa ban taɓa gani ba. Da ya shigo da allonsa yara suka dinga matsawa, har wuri ya buɗe a kusa da ni, don ni ma ba a cika son zama kusa da ni ba. Nan ya zauna.

Ba mu yi wata guda ba muka saba. Da hantsi mukan tafi fadama yankan ciyawa, ni don jakunan babana, shi don nasu guda ɗaya. Yakan gama damminsa ya zo ya taya ni nawa. Ya koya mini tufkar igiya da kaba, irin mai rassa uku da ba ta warwarewa. Yakan biyo ni gida, innata ta zuba mana dambu a akushi ɗaya. Bai taɓa kirana Ludayi ba, ko sau ɗaya. Da sunan da ubana ya raɗa mini yake kirana, har nakan yi jim kafin in amsa, don na kusa mance da shi a bakin sa'o'ina.

Wata rana muna hutawa a gindin wata tsamiya ya ba ni labarin ciwon, ba tare da na tambaya ba. Ya ce shi da ƙanwarsa agana ta kama tare. Aka kai su wata bukka a bayan garinsu, ana ajiye musu kunu daga nesa a koma, uwarsu kaɗai ke shiga. Idanunsa suka kumbura suka rufe. Ƙanwar ta rasu a gefensa da safe, uwar ta tafi neman magani, shi kuwa ya yini yana yi mata hira, yana jin haushin ba ta amsawa. Ubansu ya riga ya rasu tun suna ƙanana. Wansa, wanda ke riƙe da gidan, shi aka ɗiba aikin hanya bara waccan, har yau ba labari. Da uwar ta ji ana cewa za a sake ɗiba, ta kama hannunsa suka tsallako.

Ya faɗi wannan duka yana tufka, bai ɗaga kai ba. Ni kuma na ce, "Allah shi jiƙanta." Ya ce amin.

Abin ya fara ne wata la'asar a dandali. Sarki da mutanensa suna kan tabarma, 'yan mata sun kewaye da tallarsu, ni ina tsugune a gefe. Sai ga baƙon ya ratso ta can nesa da dammin ciyawa a ka. Sarki ya bi shi da kallo, ya juyo gare ni.

"Kai Ludayi, wancan abokin naka, mi yas same shi ga huska? Kaji sunka tsattsage shi?"

Aka ɗan yi dariya. Na ji Waziri ya matso ta bayana, na san hannunsa a dunƙule yake. Ban tsaya tunani ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, ai ba huska ta ba, madambaci na. In anka aza ta bisa wuta har dambu a turara."

Madambaci ita ce tukunyar nan mai ɓuli-ɓuli a gindi da mata ke turara dambu a ciki. Kowa ya san ta, kowa kuma ya ga fuskar. Dandali ya ɗauka gaba ɗaya. Sarki ya yi dariya har ya kwanta da baya, wata yarinya ta kusa kifar da ƙwaryar furarta. Da ya farfaɗo ya share hawaye ya buga gefen tabarma da tafin hannu ya ce, "Taho nan ka zamna." Ranar na fara hawa tabarmar nan. Ina tuna sanyinta a cinyata, da yadda na rasa inda zan ajiye hannuwana.

Kafin kasuwa ta zagayo sunan ya gama gari. Yara ƙanana suna bin sa suna kira. 'Yan mata suka sa shi cikin waƙar gaɗa. A rijiya, in ya ɗora bakinsa a guga, wani sai ya ce a yi hankali kada ruwan ya tsiyaye ta kumatu. Shi dai ba ya tanka wa kowa. Sai ya fara rufe rabin fuskarsa da gefen mayafi, abin da ba ya yi da farkon zuwansa.

A fadama ya tambaye ni. "Kai kana zama cikinsu. Wa yas sa min sunanga?"

Na ce, "Ban sani ba. Wataƙila 'yan matan nan na."

Ya ci gaba da wasa laujensa a dutse. Can ya ce, "Da na san shi, da na tambaye shi mi niy yi mai. Shi ke nan."

Ya yarda da ni. Muka ci gaba da zuwa ciyawa, sai dai na koma bin hanyar bayan gari don kada a gan mu tare. Na ce masa ta fi kusa. Bai musa ba, alhali shi ma ya san ta fi nisa.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ya shuɗe kamar sauran sunayen banza da ake sa wa mutane. Amma da damina ta yi tsakiya aka kira gayyar maimai a gonar wani dattijo mai 'ya budurwa, wadda kowa ya san Sarki ke nema. Samarin gari duka suka fita, har da baƙon, don gayya ba a hana kowa. Aka jera, makaɗi ya saki gangar noma, aka duƙa. Sarki ya fara da ƙarfi, yana waiwaye ko ana kallonsa. Kafin rana ta take tsaka ya fara miƙewa yana dafa ƙugu. Baƙon kuwa tun da ya duƙa bai ɗago ba. Ya kai ƙarshen kunyarsa ya juyo ya kama wata, ya sake juyowa, har makaɗin ya bar kowa ya koma bin sa a baya yana zuba masa kirari. Da aka kawo fura, al'ada ce a fara ba wanda ya fi kowa aiki. 'Yar mai gonar ta ɗauki ƙwarya ta wuce Sarki, ta je ta durƙusa gabansa ta ce, "Sannu da aiki." Ta dube shi sosai, ba ta kau da kai ba. Iyakar abin da ya faru ke nan. Amma na ga fuskar Sarki.

Ya jira sai da aka yi girbi, aka fara shirin kalankuwa, bikin da samari kan yi bayan kaka, inda ake kaɗe-kaɗe da naɗe-naɗen sarautunmu. Ya aika aka kira ni zauren gidansu. Shi da Waziri ne kaɗai. Ya gaya mini abin da suka shirya: za a ce wa baƙon an ba shi Sarkin Noman samari, a zaunar da shi gaban jama'a, sa'annan a naɗa masa abin da ya dace da shi.

"Maganakka kaɗai shika ji," in ji Sarki. "Kai za ka kawo shi. Tukunyar ma kai za ka kawo. In ka yi, kai na Sanƙira, kai ka yi min shela daga yau."

Na ce, "Ranka shi daɗe, in ya ƙiya hwa?"

Waziri ya ce, "In ya ƙiya, tukunya dai sai an aza ta bisa wani. Kuma kanka ya hi nashi cika ta."

Na sha gaya wa kaina cewa tsoro ne ya sa ni. Akwai tsoro. Amma in zan faɗi gaskiya yanzu da na tsufa, ina son sarautar nan. Ina son a ce ni ke tsayawa kusa da Sarki, 'yan mata su san sunana. Na fito daga zauren nan ina jin daɗi.

Na tarar da baƙon yana gyaran danga, uwar tana kaɗi a ƙofar ɗaki. Ta ce, "Maraba da ɗana," ta tura mini faifan gyaɗa. Na faɗi saƙon da murya mai ƙarfi don ita ma ta ji.

Ya ajiye igiyar hannunsa. "Ni? Da wagga huska?"

"Ba huska aka naɗawa ba, hannu na. Kowa ya ga abin da kay yi ga gayya."

Ya daɗe yana kallona da idonsa mai gani. "Ka ce wallahi."

Na ce wallahi.

Uwar ta ajiye mazari ta shiga ɗaki. Muka ji tana jan adudu. Ta fito da wata rigar saƙi a ninke, tana ƙamshin hayaƙin turare da daɗewar ajiya. Ta ce ta wansa ce, sau biyu kawai ya sa ta kafin a tafi da shi, tana ajiye masa ne har ya dawo. "Amma in ya ji don mi anka sa ta, ba shi hushi." Ta ɗora masa a kafaɗa tana gwadawa, tana ja nan tana saki can. Sa'annan ta juyo gare ni ta ce, "Tun da munka zo garinga, kai ɗai ka shigowa gidanga. Allah shi yi ma albarka." Na ce amin da gyaɗarta a bakina.

Ranar bikin, bayan la'asar, fili ya cika. Masu kalangu suna gefe, 'yan mata sun sha kitso da lalle, har manya sun fito suna kallo daga inuwa. Na riga na saci madambacin innata tun da safe na kai wa Waziri. Su suka kwaɓa toka da baƙin tukunya da ruwa suka shafe cikinta, suka rufe da zane.

Aka naɗa mutum biyu naɗin gaskiya, da rawani da guɗa. Sa'annan aka kira Sarkin Noma. Ya fito daga cikin taro da rigar saƙin nan, ta ɗan yi masa tsawo, ya yi aski, fuskarsa a buɗe ba mayafi. Yana tafiya a hankali kamar mai tsoron taka wani abu. Aka zaunar da shi kan kifaffen turmi, aka ce ya sunkuya. Ya sunkuya.

Sarki ya ɗaga hannu kiɗa ya tsaya. Ya ce, "Jama'a, wanda yas sa mishi suna, shi za shi naɗa shi. Ludayi, taso."

Wannan ba ya cikin abin da aka gaya mini. Na miƙe. Shi kuma ya ɗago kai ya dube ni. Ba fushi a kallon. Kamar dai mutumin da aka yi wa magana da wani harshe yana jira a fassara masa. Waziri ya yaye zanen ya miƙo mini tukunyar. Tana da nauyi, gefenta da santsi. Da na sake ta ta faɗi ta fashe, da an ce tsautsayi ne, a yi mini ranƙwashi biyu a wuce. Na yi wannan tunanin a lokacin, ba daga baya ba. Na ɗaga ta da hannu biyu na kifa masa a ka.

Ta rufe shi har wuya. Dogari guda ya zo da buta ya tsiyaya ruwa ta cikin ɓulin daga sama, baƙin ruwan ya gangaro ta ƙarƙashi ya bi wuyan rigar da ƙirjinta. Masu kalangu suka saki kiɗa, 'yan mata suka ɗauki waƙar nan tasu. An yi dariya, dariya mai yawa. Ba kowa ba. Na ga 'yar mai gonar ta ɗauki faifanta ta fita daga fili, na ji wani dattijo yana cewa, "Kai, kai, yaran ga!" Amma ba wanda ya taso.

Yana da ƙarfin da zai iya ɗaga ni da Waziri ya haɗa kawunanmu. Bai yi ba. Ya zauna haka na ɗan lokaci da tukunya a ka, hannuwansa a kan gwiwa. Sa'annan ya kama ta ya cire, ya dube ta, ya ajiye a ƙasa a hankali. Na tabbata ya gane ta, ya sha ganin ta a murhun gidanmu. Ya miƙe ya tuɓe rigar, ya ninke ta wajen da ya ɓaci a ciki, ya rungume, ya ratsa taron daga shi sai walki. Mutane suka dare masa. Bai yi sauri ba.

Bayan ya tafi aka naɗa mini wani farin ƙyalle aka ce na zama Sanƙira. Na yi shela, aka ce na iya.

Kashegari allonsa yana jingine a zaure, shi ba ya nan. Malam ya riga ya ji. Na yi zaton bulala, har na so a yi mini ita. Sai ya biya wa kowa karatu ya tsallake ni. Da za a tashi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗauki allonai ka kai mishi." Na ɗauka. Na kai har bakin maƙera, na hango rigar a shanye kan danga, an wanke ta amma baƙin yana nan. Na juya. Na cusa allon ƙarƙashin rumbunmu, na ce wa Malam na kai. Innata kuwa, da aka dawo mata da tukunyarta ta ji inda ta je, ta fita da ita bayan gida ta rotsa. Ta yi kwanaki tana ajiye mini tuwo ba ta ce mini ci kanka ba.

Sau ɗaya na ƙara ganin sa. Bayan kamar kwana goma, da hantsi, ina kiwo kusa da hanyar Ƙonni, wajen dutsen iyaka. Sai ga shi da ɗan ƙunshi a sanda da gora a rataye. Ba inda zan ɓuya. Da ya iso ya tsaya, ya kira ni da sunana, ya ce ina kwana.

Na ce, "Ina za ka?"

"Biɗar wana."

"In sun gane ka hwa? Kama ka za su yi."

"Su kama. Can aiki aka sa mutum, ba a duban huska."

Na buɗe baki in ce ya yafe mini. Abin da ya fito shi ne, "Sarki yat tilasta ni."

Ya ce, "Na sani." Ya gyara ratayar gorarsa, ya dubi bayana. "Koma, jakkanka sun shiga gonar mutane."

Na waiwaya, gaskiya ne, biyu sun shiga cikin waken wani. Na ruga na koro su. Kafin in dawo ya yi nisa, sai bayansa nake hange tsakanin sabara, har na daina.

Uwar ba ta bi shi ba. Ta ce in ta tashi, duk wanda ya dawo cikin su biyun ba zai san inda take ba. Ta zauna a kangon nan tana kaɗi tana sayar da zare. Ta san abin da na yi, garin duka ya sani. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ba ta kuma ƙara ce mini ɗana ba. Da na fara bin babana fatauci muna tsallakawa, duk dawowar da zan yi sai in same ta a bakin hanya tana jira. Takan ce, "Ɗan mai gishiri, an dawo lahiya? Ba ka ji komi ba?" In ce ban ji ba, Inna. Ta ce, "To, Allah shi sa mu ji alheri."

Na yi tambaya, Allah ya sani. A Ƙonni, a Madawa, a Tawa, duk kasuwar da muka sauke kaya. Sunansa suna ne da ke kowane gida, don haka dole in kwatanta shi, kuma ba ni da abin kwatance sai fuskar. In ce wani saurayi mai zanzana da hakiya a idon hagu. Sai a ce mini masu zanzana ai da yawa. Wani ya ce ya ga irinsa cikin masu fasa dutse a aikin hanya. Wani ya ce an ɗauki irinsa soja an yi yamma da su. Wani mai raƙumi ya rantse ya binne irinsa a wata rijiya da ke hanyar arewa, amma da na matsa masa sai ya ce ba ya tuna ko idon dama ne ko na hagu. Ban kai wa uwar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ta yi shekaru masu yawa tana jira, ta rasu da sanyin wata kaka. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Matan da suka gyara ɗakinta suka ba da rigar saƙin sadaka, ban san wanda ya samu ba.

Sarkin Samarinmu ya yi tsawon rai. Bai auri 'yar mai gonar ba, wani baƙauye daga Araba ta aura. Da muka tsufa duka, haƙoransa sun zube, ido ya yi rauni, na je gaishe shi wata rana na kawo maganar. Ya daɗe yana tunani. Ya ce yana tuna kalankuwar shekarar, don a ranar ne kalangun wani makaɗi ya fashe ana tsakiyar wasa. Yaron kuwa, ya ce, bai tuna shi ba. "Wane na? Ɗan wa?" Na gaya masa sunan da muka sa masa. Ya yi 'yar dariya ya ce lalle wanda ya ƙago sunan nan yana da baki. Ba ƙarya yake yi ba, ya mance ne da gaske. Ya rasu da daminar da ta biyo, kuma a iya sanina ba sauran wanda ya tsaya a filin nan sai ni.

Yanzu masu lamba, wato 'yan rigakafi, sun kashe agana, jikokina ba su san ta ba. Masu zanzana sun zama kaɗan, duka tsofaffi, kuma na san kusan kowannensu a kasuwar nan, don ba wanda ban tsaya na duba ba. Bara, ranar wata kasuwa, na hango wani tsoho baƙo yana sayen igiya, fuskarsa duk ramuka, rawani ya rufe masa ido guda. Na bi shi da sandata ta cikin 'yan canji da masu babura har bakin tasha. Yana shirin hawa motar Ƙonni na kira sunan yaron nan, na gaskiyar, da iyakar muryata. Ya juyo. Idanunsa biyu lafiya lau. Ya ce, "Baba, ni kaka kira?" Ashe ma ya girme wa babban ɗana da kaɗan ne. Na ce ya yi haƙuri, na ɗauka wani ne. Ya ce ba komai, ya shiga mota. Na ɗan zauna kan wani benci a tashar, sa'annan na nemi mai babur ya kai ni gida.